Kawu da Tukunyar Maƙwabta

Kawu ya cika da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata, mako uku kafin Kirsimeti, a ɗakinsa na bene a unguwar Deptford ta London. Mu huɗu ne a wurin: Inna matarsa, tana zaune a bakin gado, Rabaran na cocinmu, wanda ya kawo masa Jibin Ubangiji, wato burodi da ruwan inabi na coci, ma'aikaciyar jinya ta unguwa, sai ni, 'yar ƙanwarsa. Na duba agogo domin na san za a tambaye ni. Inna ce ta rufe masa ido. Rabaran ya yi addu'a da Turanci, Inna ta bi da Addu'ar Ubangiji da Hausa, ni kuma na sauka na ɗora ruwan shayi, domin na san kafin azahar gidan zai cika.

Mutanen coci ne suka fara zuwa, kamar yadda aka zata. Turawa suka kawo furanni da kati, suka sha shayi a tsaye, suka tafi. Matan Jamaika suka kawo burodi da soyayyar kaza, suka karɓe kicin daga hannuna ba tare da sun tambaye ni ba. Yarabawa da Ibo na zumuntar mata suka zauna suna waƙa har la'asar. Duk waɗannan na san su, na san inda kowa ke zama ran Lahadi.

Waɗanda ban zata ba sun fara zuwa ran Laraba. Maza ne cikin manyan riguna da kwat ɗin sanyi a kai, da mata cikin mayafi. Suka tuɓe takalma a gindin matakala har aka rasa wurin taka ƙafa. An ba su kujera, suka zauna a ƙasa. Hausawa ne, Musulmi: ɗalibai, likitoci biyu, ma'aikatan ofishin jakadanci, da masu karanta labarai a gidan rediyo.

"Inna, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Ashe Baba lokaci ya yi. Allah ya ba ku juriya."

A kwana uku na ƙirga mutum arba'in da ɗaya. Uku kaɗai na sani a cikinsu. Wata mata da ta taso daga Woolwich ta tsaya a ƙofa tana duba lambar gida, ta ce da ni, "Mama, nan ne gidan Baba mai shinkafa?" Na ce nan ne. Ta zauna a kan matakala ta yi kukanta tukuna, sannan ta hau ta gai da Inna. Wani dattijo na gidan rediyo, wanda muryarsa na sani tun ina Zariya amma sau ɗaya tak na taɓa ganin fuskarsa, ya ce shekara takwas ke nan ba a yi Kirsimeti ba tare da Kawu ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ba.

Abu biyu ya sa na rubuta wannan takarda. Na farko, kada a manta da shi. Na biyu, akwai tukunya da yake ɗorawa kowace Kirsimeti domin waɗannan mutane, a yau da nake rubutu saura kwana takwas, kuma ban san ƙofofin da yake kai abincin ba. Bai taɓa rubuta su ba. Zan faɗi yadda aka yi daga farko.

Kawu kuku ne. Ya yi wa wani Baturen reluwe aiki a Zariya shekaru da yawa, da aka ba da mulkin kai Baturen ya taho da shi Ingila. Bayan 'yan shekaru Baturen ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da gidan. Kawu ya sami aiki a kicin ɗin wani asibiti, ya kama ɗakuna biyu a Deptford, ya aika aka kawo masa Inna. Allah bai ba su haihuwa ba. Ni aka turo musu daga Wusasa in koyi aikin jinya. Ban kai ƙarshen karatun ba, na tsaya a mataimakiya, kuma har yau ita nake yi.

Cocinmu ƙaramin cocin Angalika ne, bayan kasuwa. Kawu bai taɓa riƙe muƙami a cikinsa ba. Sau biyu ana neman sa shi cikin dattawan da ke riƙe makullai, yana ƙi, ya ce aikin da takarda a ciki. Amma babu wani biki na shekara da bai bi ta hannunsa ba. Ran godiyar kaka, in Turawa sun jera tuffa da abincin gwangwani a gaban bagade, wato teburin sujada, sai ya zo da doya guda ƙatuwa ya ajiye a tsakiya, ya ce a gona ba a girbe gwangwani. In za a yi wasan yara na haihuwar Yesu, shi ke shirya makiyaya. Ya tarar ana ɗaura musu tawul ɗin wanka a ka, ya hana. Ya kawo yadi ya naɗa musu rawani, ya koya musu ɗora sanda a kafaɗa su rataya hannuwa, yadda Fulani ke yi a bayan shanu. Har yau haka makiyayan cocinmu ke shigowa, 'ya'yan Turawa da na Jamaika duka.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, domin shi ma bai ɓoye ba. Ba ya zuwa taro a kan lokaci. Barkononsa ya yi yawa. In ana waƙa da Turanci shi da Hausa yake rera tasa, da ƙarfi, kuma kullum yana bayan jama'a da rabin numfashi. Mai kaɗa ogan, abin kiɗan coci, ya kai ƙara wurin Rabaran. Da aka gaya wa Kawu sai ya ce, "Wanda nake yi wa waƙar yana jin Hausa. Mai ogan ne ba ya ji, sai ya yi haƙuri." Sannan yana da taurin kai, wanda zan zo kansa.

Ni kuwa tun shekarata ta biyu a coci aka ba ni rubutun kwamitin bukukuwa, domin ina zuwa a kan lokaci kuma hannuna yana karantuwa. Daga ranar Kawu ya daina kiran sunana. Ya ce, "Ni Kawu, ke Akawu. Harafi ɗaya kika fi ni, kada ki yi girman kai." Ko a gaban Rabaran haka yake kirana.

Asalin tukunyar ban gani da idona ba, domin kafin zuwana ne. Ɗaya daga cikin likitocin nan biyu ne ya ba da labarin ran Alhamis a zaman makoki, Inna ta gaskata shi. A lokacin shi ɗalibi ne, yana haya a layinsu. Kawu ya ji shi yana ƙunƙuni da Hausa a gaban mai kifi a kasuwa, ya bi shi har ya ga ƙofarsa. A cocinmu akwai al'ada, ran Kirsimeti bayan sujada ana cin abinci tare a zaure, musamman domin tsofaffi da waɗanda ba su da kowa. Kawu ya tuna da ɗalibin. Ya roƙi wata Baturiya da ke rabo ta zuba masa talotalo da dankali a faranti ta rufe. Ita kuma don kirki ta ƙara 'yan sosej da aka naɗe da naman alade a kai, ba ta gaya masa ba. Sai a ƙofar ɗalibin aka buɗe.

Likita ya ce, "Na duba farantin, na dubi Baba. Man ya riga ya jiƙa komai. Kunya ta kama ni, na ce, Baba ba komai, sai in ci dankalin. Wallahi fizge farantin ya yi. Ya ce, 'Ɗana, kada ka ci don kunyata. Ni kuku ne, ni ya kamata in duba.' Ya cire hula, ya ba ni haƙuri sau uku, ya juya."

Inna ta ce ranar bai ci komai ba. Washegari da sassafe ya tafi ya buga wa wani mahauci ɗan Pakistan ƙofa, ya sayo naman rago, ya dafa shinkafa ya kai wa yaron da zafinta.

Ku da kuka taso a Arewa kun san abin da ya dame shi. A gida, akuyar Kirsimeti maƙwabci Musulmi ake kira ya yanka, domin kowa a layin ya iya ci. Kawu ya ce ya zo Ingila ya manta da abin da ko yaro ya sani. Shekarar da ta biyo ya sayi tukunya tasa, babba, ya nemi izini ya riƙa ɗora ta a kicin ɗin zauren coci, domin murhun gidansu ba ya ɗaukarta. Ya sa mata suna tukunyar maƙwabta.

Ga yadda yake yi, na gani shekara da shekaru. Nama daga wurin mahaucin nan kaɗai, kuma sai ya tsaya an yanyanka a gabansa. Tukunyar da ludayinta da wuƙarta ba sa taɓa komai na kicin ɗin coci. Ya ɗaura wa ludayin jan zare, kuma duk wadda ta kai hannu za ta ji muryarsa. Kwana uku yake dafuwa, kowace rana sabuwa. Ran jajibiri na nesa, waɗanda sai an hau jirgin ƙasa zuwa tashar Charing Cross an canja. Ran Kirsimeti na kusa, da ƙafa, domin bas ba ta da tabbas. Yana jera kwanoni a cikin wani tsohon keken jarirai da ya samu a gwanjon coci, ya lulluɓe da bargo, ya tura. Washegari kuma Woolwich da kewaye. Shi kaɗai yake tafiya. Na nemi in raka shi, ya ce in mutum biyu suka tsaya a ƙofa sun zama baƙi, sai an shigar da su an yi musu hidima, shi kuwa miƙawa yake ya wuce. Kwanonin sukan dawo da Sallah, kuma ba sa dawowa haka nan.

Da farko gida huɗu ne ko biyar. Da kuɗin mai suka buɗe a gida, sai mutanenmu suka cika London. Gwamnati tana turo ɗalibai, ana turo ma'aikata kwas, wasu da iyali, wasu su kaɗai. Kawu yana da kunne. In ya ji Hausa a bas, ko a kasuwa, ko a layin asibiti, sai ya san inda mai ita ke kwana. Kwanoni suka ƙaru har keken ya fara kuka.

A nan rigimarmu ta taso, kuma laifin nawa ne, zan faɗe shi yadda yake. Shugabar kwamitinmu Baturiya ce, tsohuwar hedimistires. Ba muguwa ba ce. Duk mako tana zagaya marasa lafiya na ikilisiya, ruwa ko rana. Amma mai son tsari ce, ni ma haka. A taron watan Nuwamba na wata shekara ta ce kicin ɗin zaure na mabuƙata ne, ita kuwa tana ganin 'yan Nijeriyar nan suna sauka daga tasi da jakunkunan manyan kantuna. Ta ce ba ta hana ba, amma a kawo sunaye, a san wa ke buƙata, kamar yadda ake yi wa tsofaffin unguwa. Kawu bai zo taron a kan lokaci ba, an riga an wuce maganar. Ni na ce shawarar ta yi, kuma ni na ɗauki aikin.

Na buga takarda da keken rubutu, da Hausa da Turanci: duk mai son abincin Kirsimeti daga cocinmu ya rubuta sunansa da adireshinsa a ƙasa. Na ja layuka da rula. Na manna a wuri uku, a masaukin ɗalibai, da barandar ofishin da suke karɓar wasiƙu kusa da Charing Cross, da shagon mahauci. Bayan kwana goma na je na ciro. Biyu babu ko ɗigo. Ta ukun wani ya rubuta layi ɗaya da biro: mun gode, ba bara muka zo yi Ingila ba.

Na sami Kawu a kicin ɗin zaure yana goge tukunyar. Mahauci ya riga ya gaya masa.

"Mutum nawa suka rubuta?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Ka ga ke nan ba sa so, Kawu."

Ya ajiye soso. Ya ce, "Da kike Wusasa, ran Sallah gidan Malam na bayanku suna aiko muku da tuwo da nama ko ba sa aikowa?"

"Suna aikowa."

"Uwarki ta taɓa zuwa ta rubuta sunanta a bangonsu?"

"Wancan gida ne. Nan Ingila ce, komai da tsari."

"Yunwa kuke ji da ake aiko muku?"

Na shiga ninke takardun da ke hannuna.

"Ina tambayarki. Yunwa kuke ji?"

"A'a."

"To. Ni ban taɓa kai wa kowa sadaka ba. Maƙwabtana ne. Kin je kin manna su a bango uku kamar masu bara, da sunan cocinmu a sama."

Na ce shugaba ce ta nema. Ya ce shugaba ba ta sani ba, ba a haife ta a can ba, ni fa? Sannan ya kira ni da sunana na yanka, ya ce in ba shi wuri. Mako uku bai ce mini Akawu ba. Yana gaishe ni, yana amsa gaisuwata, amma da sunana. Ban taɓa jin sunana ya yi mini nauyi kamar a makonnin nan ba.

Tun da babu sunaye, kwamiti ya hana kicin a shekarar. Ni na rubuta hanin a littafin taro. Kawu bai yi gardama ba. Ya fara bin gidajen ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri a kan takardar, bai ce ni na rubuta ba. Sannan ya yi dafuwarsa a gida, a ƙananan tukwanen Inna, ana saukewa ana ɗorawa. Inna ta ce ran jajibiri sau bakwai suka ɗora. A lokacin ya haura sittin da biyar, kuma gwiwarsa ta fara ciwo.

Ran Kirsimeti ina ɗakina na haya, na dawo daga abincin zaure, wajen ƙarfe huɗu, na ji ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga Kawu da kekensa, hancinsa yana zuba don sanyi. Ya ɗaga bargo ya ciro kwano ya miƙo mini.

"Ke ma ban ga sunanki a takardar ba."

Na karɓa.

"Kwanon nawa ne, Akawu. Ki dawo da shi."

Ya juya kekensa ya tafi. Ban taɓa ba shi haƙuri da baki ba, shi ma bai nema ba. Na so a ce na ba shi.

Shekarar ce Babbar Sallah ta faɗo daf da Kirsimeti, kwana ɗaya ko biyu tsakaninsu. Ran Lahadin da ta biyo, muna fitowa daga sujada, muka tarar da maza wajen goma a bakin ƙofar coci, cikin sanyi, kowa da kwano a hannu. Dattijon nan na gidan rediyo ne a gaba. Ya gai da Rabaran da Turancinsa mai kyau, ya ce sun ji coci yana son ya san ko su mabuƙata ne. Ya ce alhamdu lillahi ba su da buƙata, amma sun yi layya, kuma a ƙasarsu maƙwabci yana da rabo a naman layya, shi ya sa suka kawo wa coci nasa. Rabaran ya dubi Kawu. Kawu ya ce masa a hankali, "Karɓa ake yi, da hannu biyu." Aka shiga zaure aka buɗe, soyayyen nama ne da yaji a ƙulle a takarda. Shugaba ta ɗauki tsoka ta dangwala yajin da yawa, domin ba ta san shi ba. Ta yi tari har gilashinta ya zame, aka ba ta ruwa. Da ta huce ta sake ɗaukar wata.

A taro na gaba ita da kanta ta kawo shawara a mayar da tukunyar kicin ɗin zaure, ba tare da sunaye ba, muddin Kawu ne ke kula da ita. Ni na rubuta wannan sharaɗi da hannuna, ban yi tunanin komai a kansa ba. Shekara huɗu aka yi haka lafiya.

Bana tun watan Satumba ya kwanta. Zuciya ce, likitoci suka ce. Ina aikin asibiti, na san abin da nake gani. Wata Lahadi na zauna kusa da shi da littafi da biro.

"Kawu, ka faɗa mini gidajen in rubuta."

"Kin dawo da takardarki?"

"Ba don bango ba. Don ni."

"Ƙafata ta san hanya."

"Ƙafar ba ta tashi, Kawu."

"Za ta tashi kafin Kirsimeti. Kin taɓa ganin na fasa?"

Sau uku na tambaya a makonni dabam-dabam, amsar ba ta canja ba. Ban sani ba ko ya gaskata zai tashi, ko kuwa bai yarda sunan maƙwabci ya hau takarda ba ko da a hannuna. Safiyar da ya cika biron yana cikin jakata. Yana magana har wajen ƙarfe tara, ya tambayi Inna ko an gaya wa mahauci ya ajiye masa cinya. Ban ciro biron ba.

Inna ta san gidajen, amma da sunayen da Kawu ya sa musu. Gidan mai tari. Yaran Katsina. Bene na huɗu. Amaryar da ba ta cin barkono. Ba ta taɓa zuwa ko ɗaya ba, kuma ba ta san ko su waye suka koma gida, su waye suka zo bana. Mahauci ya san fuska, bai san ƙofa ba.

An binne shi ran Litinin. Cocin ya cika, waɗanda ba su shiga ba suka tsaya a waje har aka fito, suka bi mu maƙabarta. Washegari kwamiti ya zauna. Shugaba, wadda yanzu da sanda take tafiya, ta sa na karanta sharaɗin nan, sannan ta ce in soke shi. Ta ce kicin a buɗe yake. Matan Jamaika suka ce za su taya dafuwa, kuma sun san dokar ludayi. Inna ta ce ita za ta sa barkono. Saura mai kaiwa, na ce ni ce. Shugaba ta ce, "Ina za ki kai?" Na ce zan nemo.

Na zaci abu ne mai sauƙi, tun da mutanen suna ta zuwa gaisuwa. Na ajiye littafi a bakin ƙofa. Suka rubuta addu'o'i masu kyau, shafi shida, babu adireshi ko ɗaya. Na koma tambaya da baki. Kowa amsa ɗaya: "Haba Mama, ku da kuke cikin rashi? A bar mu bana." Na ce ba wahala ba ce. Suka ce Allah ya saka da alheri, suka sa takalma.

Na tare Likita a matakala, domin shi ne na farko a tukunyar. Ya ce, "Ni kam ki cire ni, Yaya, na ci rabona shekara da shekaru. Amma akwai wata baiwar Allah a Woolwich, wadda ta zo ran Laraba. Mijinta yana kwas a wani gari, ita kaɗai ce da jariri. Ita kada a manta da ita." Ya kwatanta mini gidan. Na hau bas na je. Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo shayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni ta ce, "A'a Mama, mu lafiya lau muke, kada ki ɗora wa kanki. Amma Likita fa? Duk Kirsimeti shi ake bar wa aiki a asibiti don Turawa su huta. In ba na Baba ba, ba ya cin abu mai zafi ranar." Ta faɗa mini layinsa da lambar ƙofarsa.

Na fito da ƙofa biyu, kuma babu wadda mai ita ya ba ni. A bas na zauna na yi tunani. Daga ranar na canja tambaya. Na daina cewa ina gidanka, na koma cewa wa ka sani da Kawu ke kai wa. Yanzu ina da tara. Kwanonin da ke kabad ɗin Inna talatin da huɗu ne, ban da waɗanda ba su dawo ba tukuna.

Allah ya ba Kawu hutawa a wurinsa, ya ba Inna haƙuri, ya saka wa duk wanda ya tako ya yi mana gaisuwa, na coci da na masallaci.

Ga roƙona gare ka, kai ko ke da wannan takarda ta shiga hannunku. Kada ka rubuta sunanka. Na yi wannan kuskure sau ɗaya, ba zan sake ba. Ka rubuta ƙofar wani: wanda ka san Kawu yana kai wa, ko wanda ya zo bana ka san da Kawu yana raye da ya nemo shi. Ka sa layi, da lamba, da bene na nawa, da yawan bakin da ke gidan, da ko suna cin barkono. Ka kawo gidan Inna, ko ka bar wa mahauci, kafin Lahadin da ke gaban Kirsimeti, domin in san yawan shinkafar da zan wanke. Kada ka damu da ƙofarka, wani zai kawo ta.

In kuma ranar ta zo, ka ji ƙwanƙwasa, ka buɗe ka ga mace mai gilashi wadda ba ta iya fara'a sosai ba, ni ce. Ba zan shiga ba, ba sai an ɗora shayi ba. Kada ka ce mini a bar ku bana. Ka karɓa.